Sauti, daɗin sawa ko kyau: wanne ake fara dubawa a babban hedfon?

Tambaya: Malam barka da aiki. Na ɗan tara kuɗi ina so in fara ajiye manyan hedfon irin na masu harkar sauti. Raina ya biya da Audeze LCD-X saboda yadda ya haɗu a ido, amma abokina ya nace in fara da Sennheiser HD 600, ni kuma wallahi shi kamar roba kawai nake ganinsa. Me zan sa a gaba?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, barka kadai. Ni dai abin da nake fara tambayar duk wanda ya zo min da irin wannan shi ne awa nawa kake zama da abu a kanka, domin hedfon ba agogon bango ba ne da za ka rataye kana kallo. LCD-X ya haura giram 600, HD 600 kuma wajen giram 260 ne, kaga ya ninka shi har da ɗori. Minti goman farko ba za ka ji komai ba, sai ka kai awa biyu wuya ya fara ƙagewa, tsakiyar kai ta ɗau zafi, ka ga kana cire shi kana ajiyewa ba ka ma san ka yi ba. Na taɓa riƙe wani mai nauyi haka, sautinsa ba a magana, amma ƙarshenta a kwali ya ƙare, kullum mara nauyin hannuna yake ɗauka.

Nauyin nan kuma ba banza ba ne. Audeze na amfani da wata 'yar siririyar leda mai fitar da sauti da aka shimfiɗa tsakanin layukan maganaɗisu, su ne ke kawo nauyin, su ne kuma ke sa bes ɗinsa, wato sautin nan mai kauri irin na babbar ganga, ya sauka can ƙasa tsaf ba ya kwaɓewa. HD 600 lasifika ce irin wadda aka saba, bes ɗinsa na can ƙasa ba ya da ƙarfi sosai, amma muryar mutum fa... in karatu kake ji ko waƙar da murya ke gaba, kamar mai maganar na zaune kusa da kai. Tun 1997 ya fito kuma har yau ana ƙera shi ana saye, wannan kaɗai ya isa ya gaya maka wani abu. Sai dai om 300 ne, wato turjiyarsa ga lantarki tana da yawa, waya ita kaɗai ba ta cika iya tuƙa shi yadda ya kamata ba, sai ka tanadi kuɗin ƙaramin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Kuma sabo yana ɗan matse kai kafin ya saki.

Wani abu da mutane ke mantawa, duka biyun bayansu a buɗe yake. Wanda ke gefenka zai ji abin da kake ji, kai ma ƙarar janareton maƙwabta za ta shigo maka kai tsaye, sai ka yi ta ƙara murya kana cutar da kunnenka. In ɗakinka ba shiru, nemi mai rufaffen baya kamar Beyerdynamic DT 770 Pro, tsohon hannu ne tun 1985.

Sai kushin. A zafin Maris da Afrilu kushin fata gumi yake tarawa, na ledar da aka yi kamar fata kuwa ɓarewa yake ya bar maka baƙin gari a kunne da wuyan riga. Na karammiski irin na HD 600 ya fi shan iska, amma yana lotsewa da daɗewa kuma sautin na canzawa in ya lotse, don haka tambayi ko ana samun na canji kafin ka biya.

Kyau kuma ba zan ce ka watsar ba, ai mai tarawa ido ma na cin nasa rabon. Meze 99 Classics na Romaniya da katakonsa ko a tebur ka ajiye ya ƙawata wuri. Amma na farko dai bi shawarar abokinka, in da hali ka ari nasa ka yi kwana biyu da shi da waƙoƙin da kunnenka ya riga ya haddace. LCD-X ɗin ya zama na biyu, bayan ka sa shi a kanka na awa guda cur.