Ɗana ba ya cin abinci sai da waya a gabansa: amsoshin tambayoyinku

Saƙonnin makon nan sun karkata wuri ɗaya. Na saba da tambayar batir mai saurin zuƙewa da ta WhatsApp da ya ƙi buɗewa, amma wannan karon iyaye ne suka yi ta kawo ƙarar 'ya'yansu, ko in ce ƙarar wayoyinsu. Na zaɓi biyar.

Wata uwa daga Zariya: Malam, ɗana shekararsa uku. Ko lomar tuwo ba ya karɓa sai na kunna masa katun a waya. In na karɓe sai ya yi ta birgima yana ihu har maƙwabta su leƙo. Akwai manhajar da za ta raba shi da wayar nan?

Hajiya, manhajar da za ta raba shi da waya babu ita. Akwai dai saitin da zai sauƙaƙa miki aikin, amma aikin naki ne.

Bari mu fara da ma'auni. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta ce jariri da ɗan shekara ɗaya kada a zaunar da su gaban allon waya ko talabijin. Daga shekara biyu zuwa huɗu kuwa, kada kallon ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Yaro mai shekarun ɗanki, a cewar hukumar, yana buƙatar aƙalla minti 180 yana motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13. Ki auna yininsa da wannan, za ki ga inda wayar ta ci.

Kada ki ɗauka ɗanki fitinanne ne. Abin da yake kallo an ƙera shi ne don kada a tashi. Tatsuniyar da kakanninmu suke yi mana tana da ƙurunƙus, da an faɗe shi kowa ya san an gama sai barci. YouTube ba shi da ƙurunƙus. Bidiyo yana ƙarewa, kafin yaro ya ɗaga kai wani ya fara da kansa. Babba ma mai gemu yana shan wuya kafin ya ajiye, balle ɗan shekara uku.

Saboda haka abu na farko, ki kashe Autoplay, wato saitin da ke sa wani bidiyon ya fara da kansa. Ɗan maɓalli ne a saman bidiyon idan kin taɓa allon, kuma yana cikin Settings na manhajar. Na biyu, wanda ni na fi yarda da shi, ki sauke bidiyo biyu ko uku da kika kalla da idonki kika yarda da su, sannan ki kashe data kafin ki miƙa masa. In sun ƙare sun ƙare, kin kuma tsira da kuɗin datarki. In kina amfani da YouTube Kids, akwai agogon ƙayyade lokaci a sashen iyaye, da lokacin ya cika manhajar za ta rufe kanta. Amfanin wannan shi ne fushin yaron ya koma kan agogo, ke ki huta.

Maganar abinci kuwa, nan ne na fi so ki dage. Yaron da ake ɗura wa tuwo idonsa na kan allo bai san abin da ya ci ba, bai san ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, baki kawai yake buɗewa. Ki fara da cin abinci sau ɗaya a yini ba waya, wanda kika san ya fi jin yunwa a lokacinsa. Ki zaunar da shi a faranti ɗaya da yayyensa ko da ke, ki bar shi ya sa hannu ya ɓata riga. Zai yi kuka, wataƙila ya ƙi ci ranar farko. In lafiyarsa ƙalau, yunwa za ta dawo da shi kan farantin. Sai dai in kin ga yana ramewa ko ƙin cin ya daɗe, to wannan na ma'aikatan lafiya ne, ki kai shi a duba.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki ce masa caji ya ƙare alhali bai ƙare ba. Minti biyar bayan nan zai gan ki kina duba saƙo, daga ranar ya daina yarda da maganarki kan waya. Ki gaya masa tun kafin a fara, “biyu za ka kalla, sai mu ajiye,” kuma ki tsaya a kan biyun.

Wani mai shago daga Maraɗi: Yarona ɗan shekara huɗu ya goge mini hotunan kaya, ya kuma tura wa masu sayen kayana saƙon murya na shirme. Yaya zan ba shi waya ba tare da ya shiga wani wuri ba?

Alhaji, maganin wannan yana cikin wayarka tuni. Android tana da App pinning, wasu wayoyin kuma Screen pinning suke kiransa, tun fitowar Android 5 a 2014. Shiga Settings, ka rubuta pin a wurin bincike, ka kunna shi, ka kuma kunna zaɓin da ke neman lambar sirri kafin a cire. Daga nan sai ka buɗe abin da yaron zai kalla, ka danna maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe, ka taɓa tambarin manhajar a sama, ka zaɓi Pin. Shi ke nan, ya maƙale a nan, ko ya danna me ba zai fita ba. A iPhone sunansa Guided Access, yana ƙarƙashin Accessibility, ana kunna shi da danna maɓallin gefe sau uku, har lokaci ana iya sa masa. Hotunan kuma ka leƙa kwandon shara na Gallery ko Google Photos, galibi suna nan na wasu makonni kafin su ɓace gaba ɗaya. Amma wayar da kuɗin kasuwa ke shiga cikinta, ni da kai mun san ba abin wasan yaro ba ce.

Wani ma'aikaci daga Kaduna: Maiɗakina ta matsa in saya wa 'yarmu mai shekara biyar tablet don ta iya Turanci da wuri, ta ce 'ya'yan maƙwabta duk sun wuce ta. In saya?

Malam, na san wannan matsin, kowa na tsoron a bar ɗansa a baya. Amma ka lura da 'ya'yan maƙwabtan da kyau. Yaro ya rera waƙar Turanci daga farko har ƙarshe, wannan hadda ce irin ta aku. Ka tambaye shi abu da Turancin ka gani. Harshe yana shiga ne ta hanyar mutumin da zai ji maganarka ya mayar maka da amsa, ya gyara maka in ka karkace. Shi ya sa ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2016, ta ce iyaye su zauna su kalla tare da yaro suna yi masa bayani, kuma ko ga jarirai 'yan ƙasa da wata 18 da ta ce a nisanta su da allo, ta ware kiran bidiyo. Yarinya ta gaisa da kakarta da ke Katsina ta waya, suna dariya suna amsa wa juna, wannan hira ce.

Wani abin da ke ba ni dariya, a 2010 da iPad ta fito, wani ɗan jaridar New York Times ya tambayi Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple da ya ƙera wannan tablet ɗin, ko 'ya'yansa na jin daɗinta, sai ya ce ba su taɓa amfani da ita ba, ana taƙaita musu irin waɗannan kaya a gida. Mai tuwon ke nan bai ba 'ya'yansa ba. Ƙasar Sin kuma a 2021 doka ta kafa, 'yan ƙasa da shekara 18 ba sa wasan gem na intanet sai awa ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

In ka yanke shawarar saya, kada ka ce mata “ga naki.” Ka ce na gida ne, a falo yake kwana, aro ake ba ta. Ka sa Family Link na Google, kyauta ne: ka buɗe mata asusun yara, daga wayarka kake sa iyakar lokacin yini da lokacin da na'urar za ta kulle da dare, kuma ba manhajar da za ta sauka sai ka amince. Ka shiga Play Store ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin a sayi komai, don wasannin yara cike suke da tarkon saye.

Ni kuwa da za a bi tawa, da kuɗin ya tafi kan ƙaramar rediyon nan mai cin memori. Ka zuba mata karatun Alƙur'ani, waƙoƙin makaranta da labarai, na Hausa da na Turancin. Kunne na saurare, hannu na wasa da ƙasa, ido na hutawa. Ragowar canjin ka saya mata littattafai masu hoto, ka riƙa karanta mata shafi biyu bayan sallar isha'i.

Wata malamar makaranta daga Jos: Gaskiya ne waya na kashe idon yara? Kuma in na kunna hasken nan mai ruwan ɗorawa da dare, ya wadatar?

Malama, waya ba ta makantar da yaro, amma daɗewa ana kallon abu kusa da fuska, tare da rashin fita waje, yana da alaƙa da matsalar kasa ganin nesa. A Taiwan, inda matsalar ta yi yawa, tun 2010 makarantu suka fara fitar da yara waje na minti 120 a kullum saboda ido. Mu nan rana ba ta yi mana rowa ba. Ga manyan yara masu karatu a kwamfuta, likitocin ido na ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan kamar mita shida na daƙiƙa 20. In kin ga ɗalibi yana ƙanƙance ido kafin ya karanta allon aji, ki gaya wa iyayensa su kai shi asibitin ido.

Hasken ruwan ɗorawa, wato Night Light ko Eye comfort, yana rage kaifin haske, kuma haske da dare yana jinkirta sinadarin melatonin da ke kawo barci. Amma ko allon ya koma launin kunun gyaɗa, katun ɗin da ake guje-guje da ihu a ciki zai hana yaro runtsawa. A ajiye waya awa ɗaya kafin kwanciya, a kuma yi mata caji a wani ɗaki.

Wani magidanci daga Kano: Kuna ta cewa a karɓe waya. To in an karɓe me za su yi? Gidan haya muke, ɗaki biyu, ba dandali, ba na barinsu fita layi saboda halin da ake ciki.

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi duk sauran nauyi, kuma ba ni da saitin da zan ba ka. Gaskiyarka ce, mu da muka tashi ana langa da wasan ɓuya a farin wata, 'yan mata na gaɗa da carafke, muna ƙera motar kara muna tuƙa gare-gare har magariba, unguwa ce ta raine mu. Yanzu ƙofa a rufe take, uwa na fama da girki da sana'a, waya ta zama 'yar raino mai arha. Ban ga laifin uwar da ta miƙa waya don ta samu ta sauke tukunya ba.

Amma kafin ka duba yaran, shiga Settings na wayarka ka buɗe Digital Wellbeing, ko Screen Time in iPhone ce. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kanta yau da sau nawa ka buɗe ta. Ranar da na fara duba tawa na ga awa bakwai da 'yan mintuna, na ce ai aikina ne. Da na duba dalla-dalla, fiye da rabi ba aiki ba ne. A lokacin kuma ina yi wa 'yata faɗan ta cika son waya.

Abin da ya sauya mana lamari ba dabarata ba ce. Wani dare ne a farkon damina aka yi ruwa mai iska, aka ɗauke wuta, wayata ta mutu, abin cajin tafi-da-gidanka ma babu komai a cikinsa. Yarinyar, lokacin tana shekara huɗu, ta yi rigimarta ta gaji. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ƙamshin ƙasa na shigowa, uwarta ta kawo dafaffiyar gyaɗa a kwano. Can sai ta ce, “Baba, mene ne ke kuka?” Kwaɗi ne a kwatar bayan gida. Shekara huɗu tana gidan, ashe ba ta taɓa saurarensu ba. Na kunna tocila na haɗa yatsu, zomo ya fito a bango yana kaɗa kunne. Ta yi dariya har da shaƙuwa. Uwarta ta ce “ga ta nan ga ta nanku,” yarinyar ta yi shiru tana kallonmu, don ba ta san ana cewa “ta zo mu ji ta” ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da awa bakwai ɗin. A daren ta san Gizo da Ƙoƙi.

Duk abin da muka yi a daren zai shiga ɗaki biyu. Ka ba su murafen kwalba su jera, kwali su yi gida, ƙullin fulawa su murza. A bar su su tsince wake tare da uwarsu ko da rabi zai zube, su shuka ƙwayar masara a gwangwanin madara su riƙa leƙa ta kowace safiya. In za ka masallaci ko sayen burodi ka riƙe hannun ɗaya ku tafi, ka bar shi ya tsaya kallon tururuwa na jan ƙwaro, kada ka ce yi sauri. In sun ce sun gaji da zama, ka ƙyale su, daga nan ne suke ƙirƙiro wasa. Kai kuma ka ware lokaci ɗaya, ko daga magariba zuwa isha'i ne, wayarka na kan firji.

Ba zan ce maka 'yata ta daina neman waya ba, har gobe tana nema, muna kuma ba ta na ɗan lokaci. Amma washegarin wannan daren wuta ta dawo, waya ta cika da caji, ina zaune ina duba saƙonninku, sai ga ta da tocila a hannu. Ta ce in kashe ƙwan ɗakin, zomo ba ya fitowa in da haske.