Jirgi ya sha ruwa, me zai riƙe shi a sama?

Ka ce ka ga bidiyo a waya, jirgi mai saukar ungulu ya faɗa teku, wasu jakunkuna suka kumbura a ƙafafunsa ya tsaya cak a kan ruwa. Shi ne kake tambaya, "Maigida, me zai hana mu sa irin wannan a jiragen da muke haɗawa nan Yauri, tunda kusan kowace damina sai an yi asarar rayuka?" Tambayar mai hankali ce, ɗana. Ajiye zarton nan ka zauna.

Abin da ka gani gaskiya ne. Jakunkunan a naɗe suke, an ɗaure su a jikin ƙafar jirgin ko a gefen cikinsa, an haɗa su da tukunyar iska da aka matse, galibi naitirojin ko hiliyam. Matuƙi ya ja hannu, ko wata 'yar na'ura ta ji taɓin ruwa, cikin daƙiƙu kaɗan sun cika. Su dole ce ta sa su yin haka, don abin da ke tashi sama ba ya yawo da ganguna a gefe. Kuma ba don a ceci jirgin ake sa su ba, don mutane su samu 'yan mintunan fita ne kawai. Nauyin jirgi mai saukar ungulu a ka yake, inji da farfela duk a sama, saboda haka taguwar ruwa kaɗan ta isa ta kifar da shi.

A watan Maris na 2018 wani irinsa ya sauka a kogin da ake kira East River a birnin New York na Amurka. Matuƙin ya ja hannun, amma cikin tukwanen iska biyu ɗaya ce kawai ta buɗe. Jakunkunan ba su cika daidai ba, jirgin ya karkata ya kife, fasinja 5 suka mutu a ciki, matuƙin kaɗai ya fita. Ka lura, wannan a wurin da injiniyoyi ke duba jirgi da takarda da sa hannu. Kai kuma za ka naɗe jakar roba ka ajiye ta a jirgin katako, inda rana ke dukanta, fetur na zuba mata, kan ƙusa na gogarta, ɓera na kwana kusa da ita, ka ce bayan shekara biyu ranar da ruwa ya shigo za ta amsa kira. Wa zai auna maka tukunyar ya ga ko iskar na nan? Manyan jiragen teku suna da kwale-kwalen roba na ceto da ke kwance kansa idan jirgi ya nutse mita 1.5 zuwa 4, ya taso ya kumbura, amma doka ta ce duk shekara a kai shi wurin masu dubawa. Abin da ke buƙatar irin wannan hidima ba namu ba ne tukuna.

Namu shi ne iskar da aka riga aka rufe, tana zaune a jirgi dare da rana, ba ta jiran wani ya ja hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma ai ka ga masuntan Argungu, mutum ya kwanta a kan gorarsa yana ratsa ruwa da homa a hannu. Ilimin ke nan gaba ɗaya, sauran lissafi ne.

Ga lissafin, ka riƙe shi kamar sunanka. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Duk abin da ka danna cikin ruwa, ruwan zai turo shi sama da ƙarfin nauyin ruwan da ya kore. Jarka mai lita 25, babu komai a ciki, murfi a ɗaure, za ta ɗauki kusan kilo 24 bayan ka cire nauyin robarta. Gangar roba mai lita 200 za ta ɗauki kilo 190 da ɗan wani abu. Wanda bai yarda ba ya shiga ruwa ya gwada nutsar da jarka ɗaya da hannunsa.

To me muke son ɗauka? Nan yawancin mutane ke ruɗewa, suna ganin sai an samu iskar da ta kai nauyin jirgi da duk abin da ke ciki. A'a. Abu a cikin ruwa ba shi da nauyinsa na tudu. Katakon maɗaci da muke aiki da shi ya fi ruwa sauƙi, amma ba da yawa ba, kuma in ya shekara yana jiƙa, ga ƙusoshi, ga facin kwano, ga kwalta, sai ka ga da ƙyar yake ɗaukar kansa. Ka lissafa shi a matsayin wanda ba ya taimako, ba ya cuta. Ƙarfe kuwa ya fi ruwa nauyi kusan sau 8, don haka abin da ruwa ke rage masa kaɗan ne. Injin Yamaha mai doki 40 yana da kilo 70 da 'yan kai, ka ware masa jarka 3 shi kaɗai. Jirgin faiba da na ƙarfe ba su da arzikin katako, in babu iska a rufe cikinsu ƙasa za su tafi kai tsaye.

Sai mutane. Jikin ɗan Adam a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi, shi ya sa rigar kariya mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15 take riƙe ƙaton mutum. Amma wanda ke zaune a jirgin da ya cika da ruwa, rabin jikinsa na waje, kuma tsoro na sa shi miƙewa, ga mata da goyo, ga zani da babbar riga sun jiƙe. Ni ina ba kowane fasinja jarka guda. Jirgin mutum 30, jarka 30, da 3 na inji, da 'yan ƙari saboda anga da sarƙa da wadda za ta fashe ba ka sani ba. Ka ce 40. Lita 1,000 ke nan.

Kaya ba sa cikin lissafina. Buhun masara, gishiri, siminti, babur, duk wannan in ruwa ya shigo a tura su kogi, mai kaya ya yi kukansa a tudu. Kuma ka shirya wa musu da mai jirgi, don jarka 40 za su cinye masa wurin buhun masara kusan 7. Zai ce maka kakansa ma bai sa jarka ba. Kakansa bai ɗora inji ba, bai ɗauki babura a jirgi ba, kuma bai tuƙa a tafkin Kainji ba, wanda sai da aka gama dam a 1968 ruwa ya haɗiye dazuzzuka ya bar kututture a tsaye ƙarƙashin ruwa, suna jiran cikin jirgi.

Yanzu inda aikin gwaninta yake: a ina za ka sa su?

Hankalinka zai ba ka ka jera su a ƙasan jirgi ka shimfiɗa katako a kai, wuri ya yi kyau. Kada ka kuskura. In iska na ƙasa, nauyin mutane da inji na sama, da zarar jirgi ya cika iskar za ta nemi hawa sama, nauyi ya nemi sauka, sai jirgin ya juya ya ba ka baya. Zai yi iyo, amma a kife, bayansa santsi, babu abin kamawa, wasu kuma suna ƙarƙashinsa. Jera su za ka yi a gefe biyu, dama da hagu daidai wa daida, ƙarƙashin benci, sama-sama kusa da bakin jirgi. In ya karkata dama, jarkokin dama su nutse su turo shi, na hagu su fita daga ruwa su daina turawa, ya dawo daidai. Amma kada ka kai su can saman baki, don jarkar da ruwa bai rufe ta ba ba ta ɗaukar komai. So muke lokacin da duk suka shiga ruwa, bakin jirgi yana nan a waje ko da taƙi ɗaya ne, yadda za a iya kwarfe ruwa da bokiti. Baya kuma ya fi gaba samun kaso, saboda inji da matuƙi da tankin mai duk can suke. Wannan ne dalilin da na fi son jarka a kan ganga: ganga 5 ba sa rabuwa yadda kake so, kuma in ɗaya ta huje ka yi asarar kusan kilo 200 a gefe guda.

Akwai wata fa'ida da ba a gani. Ka ɗauki ruwa a faranti ka yi tafiya, ka ga yadda yake gudu gefe guda da ka ɗan karkata. Haka ruwa ke yi a cikin jirgi mai faɗi, kuma shi ke kifar da jirgi tun bai cika ba. Wani jirgin fito na Ingila mai ɗaukar motoci ya bar tashar Zeebrugge ta Beljiyam a 1987 ƙofar gabansa a buɗe, ruwa ya shiga falon motoci ya ruga gefe guda, cikin ƙanƙanin lokaci ya kwanta, mutum 193 suka mutu. Jarkokin da ke gefe suna rage wa ruwa filin gudu.

Ɗauri. Kowace jarka in ta nutse tana fizgar sama da kilo 24. Goma a jere ƙarƙashin benci ɗaya, kilo 240 ne ke neman tumɓuke bencin. Ƙusa ba za ta riƙe ba, don ƙusa ta saba da nauyin da ke danna ta ƙasa, ba mai zare ta sama ba. Benci ya sha noti, jarka kuma a ɗaure ta da igiyar nailan a jikin haƙarƙarin jirgi, kowace da ɗaurinta, ba igiya ɗaya ta zarge su duka ba. Na sha ganin jirgin da aka watsa wa jarkoki haka kawai ba ɗauri. Ranar da ya cika jarkokin za su tashi su bi ruwa, jirgi ya tafi ƙasa shi kaɗai. Ka rufe su da katako saboda rana na cin roba har ta riƙa karyewa kamar ƙwai, ka sa 'yar robar cikin taya a murfi ka murɗa sosai. Ka kuma shafa musu fenti ja ko ka yi musu wata alama, in ba haka ba yaran jirgi za su riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya suna sayo fetur.

Za ka ji wasu na cewa soso. Soso iri-iri ne. Na katifa ruwa yake sha, in ka cusa shi a jirgi ka ƙara wa kanka kaya. Farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake samu a kwalin firji da talabijin yana iyo da kyau, amma fetur na narkar da shi nan take, sai dai a naɗe shi cikin leda mai kauri a nisanta shi da wurin inji. Na gaskiya shi ne mai rufaffun ƙofofi wanda masu jirgin faiba ke zubawa tsakanin bango biyu. Wani kamfanin Amurka, Boston Whaler, da shi ya yi suna: a 1961 an ɗauki hoton mai kamfanin zaune a jirginsa ana yanka jirgin gida biyu da zarto, kowane ɓari na iyo. Kuma a can doka ce tun shekarun 1970, ƙaramin jirgi mai inji a baya wanda bai kai ƙafa 20 ba dole in ya cika da ruwa ya zauna a sama, a daidaice.

Maganar raba cikin jirgi ɗaki-ɗaki da bango, tana da kyau a jirgin ƙarfe mai rufi. Titanic, babban jirgin tekun nan da ya nutse, ɗaki 16 gare shi, amma bangayen ba su kai sama sosai ba, ruwa ya riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan a 1912. A jirgin katako buɗaɗɗe, wanda kullum yake tsatsafo ta mahaɗa, ban yarda da ɗakin da aka ce ba ya shan ruwa ba sai in jarkoki ne cike a cikinsa.

Kada kuma ka bari wani ya mai da jarka lasisin lodi. Ka tuna jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, mutum sama da 150 a ciki ga kaya, ya tsage a tsakiyar ruwa, waɗanda aka ceto da rai ashirin da 'yan kai ne. Jarkar mutum 30 ba za ta riƙe mutum 150 ba. Kuma ba ta maye gurbin rigar kariya, wadda NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ke ta nanata a sa, don wanda ruwa ya fizge daga jirgi rigarsa ce kaɗai tare da shi.

Wannan jirgin da ke kan gini, in mun gama shi kai za ka yi gwajin. Mu ja shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba, mu cire inji mu ɗaure duwatsu masu nauyinsa a mazauninsa, mu cika jirgin da bokiti har ruwan ciki ya yi daidai da na waje. Amurkawa awa 18 suke barin nasu a jiƙe kafin su auna, mu ma sai ya kwana. Da safe ka tara samarin bakin ruwa su shiga su zauna, sannan ka ce su koma gefe guda a hankali. Ka duba abu uku: ko bakin jirgi na waje, ko baya ya fi gaba nutsewa, ko akwai jarkar da ke fitar da kumfa. In baya ya zauna, ƙara biyu kusa da inji. Wadda ta yi kumfa kuma ka kwance ta ka girgiza, in ka ji ruwa a ciki a canza murfin.