Shekara goma sha biyu ina noman gonar coci, za su iya tashina?

Malam, na karanta wasiƙarka daga tsibirin da kake zaune kusa da Charleston a jihar South Carolina ta Amurka. Ka ce tsohon fasto ne ya ba ka hayar filin cocin Presbyterian da baki, kana shuka kuɓewa da kankana, yanzu kuma dattawan cocin sun ce ka tattara.

Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba. Daɗewa a gona bai mai da ita taka ba. Gaskiya ne a jihar akwai dokar mallaka bayan shekara 10, amma tana magana ne kan wanda ya zauna a fili ba da izinin mai shi ba. Kai da izini ka shiga, kana biyan haya, rasit ɗin da kake taƙama da su ma shaida ce ta coci. Alkawarin baki na hayar da ta wuce shekara ɗaya kuwa ba ya tsayawa sai an rubuta. A fahimtata, hayar gona a can tana ƙarewa ne 31 ga Disamba in babu wata yarjejeniya, sai dai in ga takardunka tukuna.

Maganar fasto ma ba ta kai yadda kake zato ba. A tsarin Presbyterian, majalisar dattawa ce ke da ta cewa kan dukiya, fasto ba ya yanke hukunci shi kaɗai. A reshen PC(USA), ɗaya daga cikin ɗarikun Presbyterian na Amurka, hayar da ta wuce shekara 5 galibi sai majalisar yanki ta amince a rubuce, ko da yake wasu cocin jihohin kudu sun keɓe kansu daga wannan sharaɗi bayan haɗewar ɗarikarsu da ta arewa a 1983.

Su ma dattawan sun yi gaggawa. Aiko saƙo bayan ibadar Lahadi ba sanarwa ba ce, kuma ba su da ikon kulle maka ƙofa ko nome shukarka. Sai sun bi ta kotun majistare, kamar kowa.

Ni dai ba zan ba ka shawarar zuwa kotu ba. Ka rubuta wa magatakardan majalisar, ka nemi zama, ka roƙi wa'adi har ka girbe, da haya ta shekara guda a rubuce. Ka tafi da rasit da hoton rijiyar da ka haƙa, wataƙila su rage maka wani abu. Kada ka daina biyan haya kafin zaman.