Amsa ga Hajiya kan littafin 'yan jirgin ruwa

Hajiya, kin tambaya ko ya dace ki saya wa 'yarki mai shekara 15 littafin Turancin nan na matasa, wanda wata 'yar masunci ta shiga jirgin ruwa irin na da, mai tafiya da iska, don neman tsibirin da ya haɗiye mahaifinta. Na karanta shi, kuma na ba ɗalibaina mata na babbar sakandare a nan Tudun Wadan Zariya sun karanta. Ki bar ta ta karanta, amma rabin farko ne kawai zan iya yabawa da zuciya ɗaya.

Abin da ya kama ni shi ne zaman cikin jirgin. Marubuciyar ta yi bincike. Akwai inda ruwan sha ya kusa ƙarewa, ana auna wa kowa da ɗan kofi, ga ruwa iya ganinka amma ba damar kurɓa. Ɗalibaina sun ɗauka ƙari ne irin na masu labari. Ba ƙari ba ne. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma ƙoda ba ta iya fitar da shi sai ta haɗa da ruwan da ke jikin mutum, shi ya sa wanda ya sha ƙishinsa ƙaruwa yake yi. Haka cutar da ta kama ma'aikatan jirgin, dasashi ya kumbura yana jini, haƙora suna girgiɗi. Rashin bitamin C ne, kuma ta kashe matuƙa masu ɗimbin yawa a tarihi. A 1747 wani likitan sojan ruwan Birtaniya, James Lind, ya gwada lemo a kan masu cutar suka warke, amma sai a 1795 aka fara raba ruwan lemon ga sojojin. Da na gaya wa yaran haka, wata ta ce ashe lemun tsamin da ake zubarwa a kasuwar Sabon Gari magani ne.

Har jiran iska da suka yi a tashar jirgi na tsawon watanni yana da tushe. Larabawan Oman da ke fatauci zuwa Zanzibar haka suke yi: su tafi da iskar da ke kaɗawa daga arewa maso gabas wajen Nuwamba zuwa Maris, su zauna, sai ta juya daga Afrilu su kamo hanyar gida.

To, a nan ne littafin ya ba ni haushi. Bayan an sha wahalar nuna mana cewa iska ce ke mulkin kowa, sai a tsakiya yarinyar ta gano tana iya kiran iskar da baki. Daga nan guguwa ta taso, yarinyar ta yi magana, guguwar ta kwanta. 'Yan fashin teku su biyo su, ta yi magana, su ɓace. Ba ta biyan komai, ko ciwon kai ba ta yi. Ni ba abin al'ajabin nake ƙi ba. A nan Zariya aka shirya gasar rubutu ta 1933 ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko, kuma akwai tafiyar neman abin al'ajabi a cikinsu. Amma ko a tatsuniyar kaka, wanda aljani ya ba kyauta sai an gindaya masa sharaɗi, kuma sharaɗin ne ke hana mai sauraro gyangyaɗi. Nan babu shi, sai fargaba ta mutu.

Soyayyar kuwa cikon shafi ce. Samari biyu, ɗaya mai fara'a ɗaya mai ɗaure fuska, kin san sauran. Babu batsa, iyakarsa riƙe hannu da sumba guda.

Abin da zan so ki zauna da 'yarki a kai shi ne wata sarauniyar ruwa da matuƙan ke yi wa yanka kafin su tashi. Yarinya mai zuwa Islamiyya ta san matsayin wannan, amma gara ta ji daga bakinki. Sannan sunayen igiyoyi da sassan jirgi sun yi yawa ga yaran da iyakar ruwan da suka sani Kubanni da Galma. Wasu ɗalibaina nan suka ajiye shi. Ki nemo mata hoton irin jirgin a waya tun farko, zai sauƙaƙa mata.

Kuma labarin bai ƙare ba, an yanke shi ne a kan gaɓa don a sayi na biyu. Kafin ki sayi sabo, ki sa a duba wajen masu baza tsofaffin littattafai a Samaru, ko ki aiko ta ta ari nawa.