Me ya sa kyanwa take liƙe wa jariri?

Tambaya: Likita, ina jego, yau sati biyar da haihuwata. Akwai kyanwa a gidanmu tun kafin in tare. Tun da na dawo daga asibiti ba ta da wurin kwana sai gefen yarona, ko na kore ta, ina juya baya ta dawo. Uwar mijina ta ce a kai ta nesa a yar, wai kyanwa tana zuƙe numfashin jariri, wasu kuma sun ce ba ita kaɗai ba ce. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wata mai jego a Garwa.

Amsa: Barka da arziki 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi.

Abu na farko da kyanwarki take nema shi ne ɗumi. Zafin jikin kyanwa mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, namu kuwa 37 ne, don haka iskar da muke jin daɗinta ita sanyi take ji. Shi ya sa kike ganinta a naɗe kusa da murhu bayan an sauke tukunya. To a duk gidan, ina ya kai ɗakin mai jego ɗumi? Ƙofa a rufe, ga bargo, ga zannuwa masu laushi, wani lokacin har da garwashi a kasko, balle a watannin hunturu, Disamba da Janairu, lokacin da asubar Garwa da Marwa take sa mutum neman rigar sanyi. Ga jariri a tsakiya, jikinsa ɗumi, yana kwance shiru. Ba ya jan wutsiya, ba ya bin ta da gudu. Ki jira ya fara rarrafe, za ki ga ita da kanta tana guje masa.

Sai ƙamshi. Hancin kyanwa ya fi namu nesa ba kusa ba, jariri kuwa ƙamshin nono da tumbuɗi yake yi, ga kuma ƙamshin jikinki da ta saba da shi. In kin ga tana goga kumatunta a jikin gado ko zanen goyo, wani ƙamshi nata take shafawa wanda mu ba ma jinsa, alamar ta sa sabon abin cikin kayan gidanta ke nan. Kukan jariri ma siriri ne, yana kama da na 'ya'yan kyanwa, shi ya sa wata takan taso ta leƙa da ya tsanyara.

Zancen zuƙe numfashi ba shi da tushe. Shinshinar bakinsa take yi saboda nono, mai kallo ya ɗauka wani abu ne. Batun aljanu kuwa ba fannina ba ne, amma malamai sun karantar da mu cewa kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya mu a gida.

Duk da haka Inna, uwar mijinki, ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba, kuma kada ki yi mata musu a kan wannan. Babbar kyanwa takan kai kilo 3 zuwa 5, nauyin jaririn ke nan ko ma fiye. Yaron sati biyar ba zai iya ture ta ba, ba zai iya kau da kansa ba. In ta kwanta a kan ƙirjinsa ko ta jingina da fuskarsa, tana iya toshe masa hanci ba da nufi ba. Saboda haka ba kwana tare, ko da rana ne. Ki sa shi cikin gidan sauro, ki cusa bakin gidan sauron ƙarƙashin katifa ta kowane gefe, in za ki fita wanka ki duba ɗakin sannan ki ja ƙofa. Ita kuma ki ajiye mata kwali da tsohon zane a wani lungu mai ɗumi. Dukanta ba zai hana ta dawowa ba, sai dai ya sa ta fara yakushi.

Ki duba jikinta. In akwai wurin da gashi ya zube ya bar da'ira, mai yiwuwa makero ne, kuma yana kama mutane. A ba ta maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Kashinta a kwashe kullum a wanke hannu, mai ciki kuwa ta bar wa wani wannan aikin, domin akwai wata ƙwayar cuta a ciki da take illata ɗan tayi.

Wanda ba na wasa da shi shi ne ciwon haukan kare. Yana nan a Kamaru da Chadi, kuma kyanwa mai yawon dare tana iya ɗauko shi. A kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allura, ana farawa tun tana wata 3. In ta ciji yaro ko ta yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sannan ku tafi asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi tsinin allura ba.