Manhajar ƙarin da na rubuta wa GIMP ta ƙi aiki a kwamfutar abokina

Tambaya daga wani mai shagon hoto a Garwa: Salamu alaikum Malam. Na rubuta wa GIMP, manhajar gyaran hoto, 'yar manhajar ƙari (plug-in, mai ƙara masa wani aiki) da Python, harshen rubuta manhaja, tana jera hotunan santimita 4x4 guda shida a takarda ɗaya mai girman santimita 10x15, ba sai na yi ta ja da hannu ba. Na tura wa wani abokin sana'a a Kuseri ta WhatsApp, ya ce ya duba ko'ina a GIMP ɗinsa bai gan ta ba. Ina matsalar take, kuma yaya zan raba wa sauran 'yan'uwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, wannan aiki ne mai rage wahala, musamman lokacin da ɗalibai ke cika shago neman hoton takardun jarrabawa.

Kafin komai, tambayi abokinka wane GIMP ne a kwamfutarsa. Na 2.10, wanda ya fito a 2018, yana aiki da Python 2 ne. Na 3.0 kuwa, da aka saki a watan Maris na 2025, ya koma Python 3, an kuma sauya hanyar da manhajojin ƙari ke magana da shi gaba ɗaya. Abin da aka rubuta wa wancan ba ya tashi a wannan, kuma GIMP ba zai yi maka ihu ba, shiru kawai za ka ji, abin bai fito a jeri ba. Zatona ya fi ƙarfi a nan.

In kuma duk na 3.0 kuke da shi, to wurin ajiya ne. Wannan sabon ba ya karɓar fayil a zube cikin foldar plug-ins. Dole kowace manhajar ƙari ta samu foldarta, sunan foldar ya zama daidai da na fayil ɗin: hoto4x4.py ya kwana cikin folda mai suna hoto4x4. A Windows, foldar plug-ins tana ƙarƙashin AppData\Roaming\GIMP\3.0, kuma AppData a ɓoye take. Kada ya wahalar da kansa da lalube. Tun da yawancin kwamfutocinmu a nan da Faransanci suke, ya shiga Édition, sai Préférences, sai Dossiers, sai Greffons, zai ga ainihin wurin a rubuce. Ya ajiye, ya rufe GIMP, ya sake buɗewa.

Batun rabawa kuma, daina tura fayil tsirara. Ɗaure foldar duka cikin ZIP, ka sa lamba a sunan, kamar hoto4x4-1.0-gimp3.zip, don gobe in ka gyara wani abu a san sabo da tsoho. Ka haɗa da 'yar takarda ta layi biyar da Hausa da Faransanci: wane GIMP take so, ina za a ajiye ta, a wane jeri za ta bayyana. Ka gargaɗe su da abu ɗaya da na sha gani, wato Windows kan warware ZIP cikin wata sabuwar folda, sai a samu folda cikin folda, GIMP ya wuce ta bai gani ba. Mai Linux kuwa sai ya ba fayil ɗin izinin aiki da umarnin chmod +x, domin ZIP ɗin da aka ɗaure a Windows yakan zo babu wannan izini.

Tsohon rumbun intanet da ake tara irin waɗannan manhajoji na GIMP ya daɗe da rufewa. Buɗe shafi kyauta a GitHub ko GitLab, wuraren ajiye manhajoji a intanet, ka ɗora, ka riƙa tura adireshin. A WhatsApp fayil yakan yi ta yawo hannu zuwa hannu har ka rasa wanda ke riƙe da wane.

Tambaya daga wata ɗaliba a Marwa: Wani ya ba ni tarin manhajojin ƙari na GIMP a filas, in zuba su duka?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Manhajar ƙari cikakkiyar manhaja ce, tana iya taɓa duk fayil ɗin da ke kwamfutarki. Ɗauki wadda kike bukata daga shafin masu ita. In tace hoto kike so, G'MIC da aka ƙirƙira a birnin Caen na Faransa ta ishe ki, tana da matatai ɗaruruwa, kuma kyauta ce. Ki dai zaɓi wadda ta dace da lambar GIMP ɗinki.