Shin rubuta "Enterprises" a allo yana mayar da wuri kamfani?

Tambaya: Ina da injin casar shinkafa a wani ƙauye kusa da Haɗeja, da yara uku masu yi mini aiki. Mai rubutun allo ya ce in ƙara kalmar "Enterprises" bayan sunan wurin. Mece ce ma'anarta, kuma wurina zai zama kamfani ke nan?

Amsa: Malam, kalmar tana nufin duk wata harka da aka zuba wa jari domin a sayar da kaya ko a yi wa jama'a aiki a samu riba, da sanin cewa ana iya faɗuwa. Injinka ya shiga wannan layi tun ranar da ka fara karɓar kuɗin casa a kan kowane buhu, da allo ko babu, kamar yadda mai saro riɗi a Gujungu ya kai Dawanau ya shiga.

Amma fenti ba ya yin kamfani. A Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, rajistar sunan kasuwanci daban, rajistar kamfani daban, kuma galibin masu wannan kalma a allo ta farkon suka yi, wasu ma ba su yi ko ɗaya ba. Mai rajistar suna, shi da harkarsa abu ɗaya ne a idon doka: idan bashin mai ba ka man dizal ya taru, kotu tana iya bin ka har kan shanunka na huɗa. Shi kuwa kamfanin da sunansa ya ƙare da "Limited" yana cin gashin kansa, yana mallakar dukiya, ana kai shi ƙara da sunansa, kuma asarar mai shi ba ta wuce hannun jarinsa ba, sai fa idan shi da kansa ya tsaya wa bashin. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa irinsa, sai dai ɗawainiyar takardunsa da lissafinsa ta fi yawa.

Kalmar tana da wasu fuskoki. Ana kiran kamfanonin gwamnati da ita, irin su KASCO mai sayar da taki a Kano, kuma Turawa kan yi amfani da ita wajen yabon mutum mai himma da ƙarfin halin fara sabon abu.

A ganina, inji ɗaya da yara uku rajistar suna ta ishe su, domin da takardarta za ka buɗe asusun banki da sunan wurin, ka raba cinikin casa da kuɗin cefanen gida.